Wane hukunci ya dace da masu firgita jama'a don ɗaukar bidiyo?

Wani bawan Allah daga cikin birnin Katsina ya aiko mini da tambaya game da abin da ya sami mahaifiyarsa, dattijuwa mai sayar da daddawa da kuka a wata ƙaramar kasuwar unguwa. Ya ce ranar wata Laraba da la'asar wasu samari biyu suka shigo kasuwar a kan babur, sun naɗe fuskokinsu da rawani, ɗayan yana riƙe da sanda da aka nannaɗe da baƙar leda ta yi kama da bindiga, wani kuma ya kwarma ihu cewa ɓarayin daji sun shigo. Kasuwa ta watse, tsohuwar ta faɗi a cikin turmutsutsu ta karye a wuyan hannu, kayanta suka zube aka tattake su. Da ƙura ta lafa sai samarin suka kware fuska suna dariya suna cewa wasa ne, ashe na ukunsu yana gefe da waya yana ɗauka, kuma kafin isha'i bidiyon ya hau TikTok. Yanzu unguwa ta rabu: wasu sun ce a ɗaure su, wasu sun ce a aske su a zane su a bainar jama'a, wasu kuma sun ce yarinta ce a yafe. Yana tambaya, mene ne adalci a nan?

Malam, ina jajanta maka, Allah Ya ba Inna lafiya, Ya mayar mata da abin da ta rasa. Na daɗe ina aikin lauya a kotunan majistare da na shari'ar Musulunci a wannan jiha, kuma abin da zan gaya maka shi ne fahimtata: hukuncin da ya dace da waɗannan yara shi ne wanda aka auna da cutar da suka jawo da haɗarin da suka jefa mutane a ciki, wanda zai fara da biyan mahaifiyarka haƙƙinta, ya raba su da ribar da suka nema, sannan a duba ko akwai buƙatar ɗauri. Fushin unguwa ba ma'auni ba ne, haka nan tausayin iyayensu.

Bari mu fara da kalmar da suka fake da ita, wato wasa. Bahaushe ba baƙon wasa ba ne. Muna da wasan taubasai, wanda a watan Muharram ake bin juna kuɗin shara, muna da wasan jika da kaka, muna da barkwancin Katsinawa da Nufawa ko da Haɗejawa, ga tashe da yara ke yi cikin azumi. Amma duk wanda ya tashi a cikin waɗannan wasanni ya san ƙa'idarsu. Wanda ake yi wa ya san wasa ne tun kafin a fara, yana da damar ramawa, kuma akwai iyakar da in an tsallake ta manya za su tsawatar. Inna ba ta san samarin nan ba, ba ta yarda a sa ta a cikin komai ba, kuma a daidai lokacin da take gudu ta yi imani da gaske cewa mutuwa ce ta biyo ta. Tsoron da ta ji na gaskiya ne, karayar ma ta gaskiya ce. Cewa da suka yi wasa ne bayan an gama ba ya komawa baya ya zama izini, domin yarda aba ce da ake nema kafin aiki. Wannan shi ne asalin da doka ta ginu a kai, kuma shi ne asalin da addini ya ginu a kai tun kafin doka.

A hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito, sahabbai suna tafiya tare da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sai ɗayansu ya yi barci, wani ya ɗauke masa igiyarsa, ya farka a firgice, sai Annabi ya ce ba ya halatta ga Musulmi ya firgita Musulmi. Igiya ce kawai, tsakanin abokan tafiya da suka san juna, amma aka hana. A Sahihu Muslim kuma an ruwaito cewa wanda ya nuna ɗan'uwansa da ƙarfe mala'iku suna tsine masa har sai ya daina, ko da kuwa ɗan'uwansa ne uwa ɗaya uba ɗaya. Akwai kuma gargaɗi mai tsanani ga wanda yake ƙarya don ya ba mutane dariya. Laifi irin wannan ba shi da haddi, yana shiga babin ta'aziri ne, wanda aka bar wa alƙali ya auna gwargwadon laifin da halin mai laifin. Ta fuskar dukiya kuwa malaman fiƙihu sun ce ganganci da kuskure ɗaya suke a cikin dukiyar mutane, ma'ana wanda ya yi sanadin lalacewar kayan wani zai biya, ko ya yi nufin haka ko bai yi ba. Saboda haka daddawar Inna da kukarta bashi ne a wuyansu ko da an karɓi uzurinsu gaba ɗaya.

A dokar ƙasa babu wani laifi mai suna wasan firgitarwa, kuma sashe na 36(12) na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya hana a hukunta mutum a kan abin da rubutacciyar doka ba ta bayyana shi a matsayin laifi ba tare da faɗin hukuncinsa. Wasu kan ɗauka wannan mafita ce ga yaran, amma ba haka ba ne, domin kotu aikin take dubawa, ba sunan da mai aikin ya raɗa masa ba. Kundin laifuka na Final Kod da jihohin Arewa suka gada tun 1960 ya tanadi laifin damun jama'a a sashe na 192, wato aikin da ke jawo cuta ko haɗari ko takura ga mutane gaba ɗaya, ya tanadi tayar da hankalin jama'a a sashe na 113, da yin sojan gona a matsayin ma'aikacin hukuma a sashe na 132, wanda ya shafi masu sa kakin ɗan sanda ko na soja su tare mutane a hanya don ɗaukar bidiyo. Akwai kuma barazana, da jikkata mutum ta hanyar ganganci ko sakaci, da ɓarnata dukiya, da haɗa baki. Lambobin da na ambata na wancan kundi na asali ne, mai gabatar da ƙara zai ɗauko makamantansu a dokar da jiha ke aiki da ita yau, ko a kundin laifuka na shari'ar Musulunci da ake aiki da shi tun bayan da jihar ta rungumi shari'a a 2000. Abin da aka yi wa Inna ya shiga aƙalla uku daga cikin waɗannan, don haka ba a buƙatar a jira majalisa ta yi sabuwar doka.

Za ka ji wasu suna cewa a kai su a ƙarƙashin Dokar Laifukan Intanet ta 2015, domin sashe na 24 yana ɗauke da tarar da ta kai naira miliyan 7 ko ɗaurin da ya kai shekara 3. Ni ba na gaggawar ba da wannan shawara. An yi ta amfani da sashen wajen kama 'yan jarida da masu sukar hukuma, har kotun ECOWAS ta ce ya saɓa wa 'yancin faɗin albarkacin baki, aka yi masa gyara a 2024 aka taƙaita shi. Ban da haka, Babbar Kotun Tarayya ce ke da hurumin sauraron laifukan wannan doka, kuma shari'a a can ba ta saurin ƙarewa. Cutar da aka yi wa Inna a kasuwa aka yi ta, ba a cikin waya ba, kuma kotun da ke kusa da ku ta isa ta saurare ta.

Yanzu ga abin da ya sa nake ganin laifin waɗannan samari ya fi na mai jefa wa mutum macijin roba ko mai shiga likkafani ya tsaya a lungu. Sun zaɓi su kwaikwayi ɓarayin daji, a Katsina. Wannan jiha ce da aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara a daren 11 ga Disamba, 2020, jihar da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 a 2021 saboda tsananin hare-hare. A unguwannin birnin nan akwai mutanen Batsari da Jibiya da Safana da suka baro gonakinsu, akwai matan da aka kashe mazajensu a gabansu, akwai waɗanda suka sayar da gida suka biya kuɗin fansa. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Ba mamaki a cikin waɗanda suka ruga a kasuwar nan akwai wadda ta taɓa yin irin wannan gudu da goyo a bayanta, kuma ba wasa ake yi ba a ranar. Samarin sun san wannan sarai, shi ne ma dalilin da ya sa suka zaɓi rawani da bindiga, domin sun san shi ne abin da zai fi watsa mutane. Alƙalin da ya yi watsi da wannan bai auna laifin daidai ba.

Akwai kuma wata ɓarna da ba a gani nan take. Ihun "ga su nan" shi ne ƙararrawar da talaka ya mallaka. Idan aka yi ta buga ta a banza, ranar da abin ya zo da gaske wani zai tsaya yana waige-waige yana neman mai riƙe da waya, kuma wannan tsayawar tana iya zama ajalinsa.

Su kansu yaran sun tsallake rijiya da baya. A watan Fabrairun 2021 a birnin Nashbil na Amurka, wani saurayi ɗan shekara 20 ya tunkari wasu mutane da wuƙar mahauta don ɗaukar bidiyon fashi na ƙarya, ɗaya daga cikinsu ya harbe shi ya mutu. A nan gida, tun da aka ƙaddamar da askarawan tsaron al'umma na jiha a watan Oktoban 2023, ga 'yan sintiri da mafarauta, akwai mutane da yawa masu makami waɗanda aikinsu shi ne su mayar da martani cikin ƙiftawar ido. Mun kuma ga abin da taron jama'a ke yi idan ya yi zaton ya kama masu garkuwa, domin ba mu manta da matafiya 16 da aka kashe a Uromi ta jihar Edo a watan Maris na 2025 ba. Da wani ya ɗirka wa yaron nan mai sanda harsashi, da yanzu gida biyu ne a cikin musiba, gidan mamacin da gidan wanda ya yi harbin yana zaton yana kare jama'a.

To da me za a hukunta su? Ni a wurina farkon abu diyya ce, kuma abin baƙin ciki shi ne ita ake yawan mantawa da ita. Sau da yawa ana cin mai laifi tara, kuɗin su shiga asusun gwamnati, wanda aka cuta ya koma gida da takardun asibiti a aljihu. Alhali sashe na 78 na Final Kod ya ba kotu ikon ta umarci wanda aka samu da laifi ya biya wanda ya cutar, ko a haɗa da wani hukuncin ko a maimakonsa. Kuɗin hoton ƙashi da ɗori da magani, da jarin da ya zube, da cinikin makonnin da Inna za ta yi ba ta fita kasuwa, duk a lissafa su, haka ma na sauran waɗanda suka yi asara a ranar. A birnin Basalona na Sifaniya, wani matashi da ya cusa man goge baki a cikin biskit ya ba wani mabaraci ya ɗauke shi bidiyo, kotu ta yanke masa ɗaurin wata 15 a 2019, ta sa ya biya mutumin yuro 20,000, ta kuma hana shi amfani da YouTube na shekara 5. Abin da ya burge ni a wannan hukunci shi ne yadda ya ɗauki mutuncin mabaraci a matsayin abu mai daraja da ake biya.

Abu na biyu shi ne a toshe ribar. Yaran nan ba ƙiyayya ce ta kai su kasuwa ba, neman mabiya ne, domin mabiya su ne ke kawo talla da kyaututtukan da ake turawa a TikTok da kuɗin da Facebook da YouTube ke biya. Idan aka ci yaro tarar naira 20,000 aka bar masa bidiyon da ya ƙara masa dubban mabiya, to ya ɗauki tarar a matsayin kuɗin jari, gobe ma zai sake. Ya kamata sauke bidiyon daga dukkan shafukansu ya zama sharaɗi, tare da alkawari a rubuce a gaban kotu, da masu tsaya musu, cewa ba za su sake ɗora hoton kowa ba sai da yardarsa. A Landan an yi haka a watan Mayun 2023 ga wani matashi da ke faɗa wa gidajen mutane yana ɗauka: kotu ta hana shi ɗora bidiyon kowa ba tare da izini ba, da ya karya umarnin sai aka ɗaure shi mako 18 a watan Nuwamba na shekarar. Wannan tsari na hawa-hawa ya yi mini daidai, a fara da gargaɗi mai haƙori, in an taka shi a ciji mutum.

Game da ɗauri, ina da abin da na gani da idona. Na taɓa kare wani yaro ɗan shekara 19 da ya jefa macijin roba a cikin keke napep, wata mata mai juna biyu ta yi tsalle ta faɗo ta kurje gwiwa da hannu, Allah Ya tsare cikin. Ya yi kwanaki a tsare, amma duk lokacin da na je ganinsa maganarsa ɗaya ce, wai mutane ba su san wasa ba. Ranar da aka zauna sulhu mijin matar ya zo, wani magini ne, siminti bai gama fita daga farcensa ba. Bai ɗaga murya ba, ya dai ciro takardar asibiti da ta yi laushi saboda ninkewa, ya ce kwana biyu matarsa ba ta ji motsin ɗan ba, shi kuma kwana biyun nan bai runtsa ba. A nan ne yaron ya sunkuyar da kai ya fara kuka, kuma mahaifinsa ya sayar da tunkiya aka biya kuɗin. Abin da ɗakin tsarewa bai koya masa ba, fuskar mutumin nan ta koya masa. Tun daga ranar nake ganin cewa ga mai laifin farko wanda bai jawo mummunan rauni ba, ɗaurin talala da aikin yi wa al'umma hidima sun fi gidan yari amfani. Dokar tafiyar da shari'ar laifuka ta 2015 ta tanadi wannan a sashe na 460, jihohi sun bi sahu da nasu dokokin, kuma Dokar Hukumar Gyaran Hali ta 2019 ta kafa sashe na musamman mai kula da hukuncin da ba na tsarewa ba. A Kalifoniya, wasu tagwaye da suka yi fashin banki na ƙarya a 2019, har 'yan sanda suka ɗora wa wani direba marar laifi bindiga, sa'o'i 160 na aikin al'umma aka yanke musu da shekara guda ta sa ido. A nan ma za a iya sa yaro ya yi watanni yana share kasuwar da ya watsa, yana kwashe kwata, a gaban mutanen da ya tsorata.

Amma ba zan ɓoye maka ba, batun Inna yana bakin iyakar wannan sassauci. An kwaikwayi makami, an kwaikwayi ɓarayin daji, an tsara abin tun daga gida, an karya tsohuwa, sannan bayan sun ga ta faɗi suka je suka ɗora bidiyon. Wannan na ƙarshen ya fi komai nauyi a wurina, domin yana nuna cewa sun ga cutar kuma ba ta hana su ba. Idan alƙali ya yanke wa jagoransu ɗaurin wasu watanni ba tare da zaɓin tara ba, ba zan ce ya yi zalunci ba, musamman in an taɓa yi masa kashedi. Abin da ba zan goyi baya ba shi ne ɗaurin shekaru, ko a bar su suna jiran shari'a na tsawon lokacin da ya zarce hukuncin laifin kansa, a cakuɗa su da waɗanda za su koya musu riƙe bindigar gaske.

Masu cewa a aske su a zane su a tsakiyar unguwa, na fahimci zafin da ke ransu, amma ka roƙe su su bari. Sashe na 34 na Tsarin Mulki ya hana azabtarwa da wulaƙanta ɗan Adam, sashe na 36(5) ya ce mutum ba mai laifi ba ne har sai kotu ta tabbatar, kuma duk wanda ya ɗaga hannu ya doke su ya buɗe wa kansa tuhuma, ya kuma ba su damar zama waɗanda aka zalunta. Bulala hukunci ce da dokokinmu suka sani, amma kotu ce ke yanke ta. Ko a kotun ma ina da damuwa da yadda ake rabon zafi. A watan Nuwamban 2022 wata kotu a Kano ta yanke wa wasu matasa biyu bulala 20 da tarar naira 10,000 da sharar kotu ta kwana 30 saboda bidiyon da suka yi a kan gwamnan jihar na lokacin, kuma cikin ɗan ƙanƙanin lokaci aka gama komai. Ina fata in ga irin wannan hanzari idan wadda aka cuta mai sayar da daddawa ce. Matasa suna lura, kuma idan suka fahimci cewa taɓa babba ne kawai ke da sakamako, za su koma kan marasa gata, tsofaffi da almajirai da masu taɓin hankali, waɗanda dama su aka fi yi wa irin wannan bidiyo.

Kada kuma a manta da mai riƙe da waya. Yakan ce shi bai taɓa kowa ba, alhali don shi aka yi abin, kuma doka tana ɗaukar waɗanda suka yi aiki da niyya ɗaya a matsayin kowa ya aikata. In ɓera da sata, daddawa ma da wari: ɗan kasuwar da ke ba irin wannan shafi talla yana da nasa kason na alhaki, ko da kotu ba ta kira shi ba. Idan akwai ƙaramin yaro a cikinsu, hukuncinsa daban ne, ba a haɗa shi da manya, amma babban da ya ja shi laifinsa ƙaruwa yake yi.

Iyayensu za su zo da mai unguwa da liman neman sulhu, kuma ban hana ka ba, sulhu alheri ne. Sai dai haƙƙin na Inna ne, ita za a tambaya, kada a yafe a madadinta saboda kunyar manya. Ka kuma sani cewa yafewarta ta shafi abin da ke nata ne kawai, tayar da hankalin kasuwa haƙƙin jama'a ne wanda hukuma ke bi. Kafin kowane zama, ka sauke bidiyon a wayarka ka adana shi tare da hoton shafin da ranar da aka ɗora, domin da zarar sun ji maganar kotu za su goge. Ka karɓi rahoton likita da rasit na duk abin da aka kashe, ka rubuta sunayen mutum biyu ko uku da suka ga faɗuwarta, ka shigar da ƙorafi a rubuce a ofishin 'yan sandan yankinku ka riƙe kwafi. Idan an cimma sulhu, a rubuta shi da adadin kuɗi da ranar biya, a kai gaban alƙali ya tabbatar da shi, kuma a sa a ciki cewa za su zo da ƙafarsu su ba Inna haƙuri a gidanta, ba tare da kowa ya ɗaga waya yana ɗauka ba.